Lemun Tsami Ɗan Gida ko Tahiti: Wanne Ya Dace da Gonarka a Sakkwato?

Da zarar damina ta matso, masu dashe za su jera ledoji a bakin hanya, kowa na rantsuwa nasa ne mai kyau. Kafin ka zaro kuɗi, ka sani iri biyu ne akasari za a nuna maka.

Akwai ɗan gida, ƙaramin nan mai ƙaya, mai siririn ɓawo da ƙwaya a ciki, wanda ake kasawa a kasuwar Ramin Kura. Ka murza shi a tafin hannu, ƙamshinsa zai bi ka har gida. Shi mai shayi ya sani, shi uwargida ke nema in mura ta shigo ko azumi ya kama. Yana son zafi, don haka ranar Afrilu da ke haura digiri 40 ba ta razana shi muddin yana shan ruwa. Ko ƙwayarsa ka shuka zai fito kamar uwarsa, sai dai ka jira shekara 4 ko 5. Aibinsa ƙaya wajen tsinka, kuma ba ya jure ajiya.

Sai Tahiti, wanda ake kuma kira na Farisa, irin da ƙasar Meziko ke fitarwa zuwa Amurka. Ya fi girma, ya fi ruwa, ba ƙwaya, ƙayarsa kaɗan ce, kuma kaurin ɓawonsa na sa ya jure doguwar tafiya. Tsaminsa da ƙamshinsa ba su kai na ɗan gida ba. Tunda ba shi da ƙwaya, galibi ta hanyar aure ake samunsa, wato a haɗa reshensa a kan gindin wani lemu, ya fara haihuwa cikin shekara 2 zuwa 3. A yanayi irin namu yana da rauni guda: in ya ƙosa aka bar shi a bishiya cikin tsananin zafi, ƙasan ɗan yakan fara ruɓa. Da ɗanyen korensa ake cire shi.

Nan ne nake so ka natsu, ɗan'uwa. Na taɓa sayen dashe goma da sunan Tahiti, ban duba komai ba. Shekara uku ina ɗawainiyar ban ruwa, ƙarshe shida suka haifi wani lemu mai kaushin ɓawo da ba mai saye. Ashe gindin da aka yi auren a kansa ne ya tofo ya danne na saman. Don haka ka tsuguna ka nemi tabon auren, kamar taƙi ɗaya na hannu daga ƙasa, ka ga ya warke. Ka zare leda ɗaya ka ga saiwa ba ta nannaɗe ba. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon, cire shi tun yana ɗanye. Mai son dashe da yawa ya tuntuɓi cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ta ƙasa, NIHORT, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano.

Ni dai in kasuwar gari ce abin dogaronka, ɗan gida nake ba ka shawara. Tahiti sai mai rijiyar burtsatse ko fili kusa da ruwan Rima, wanda kuma ya riga ya daidaita da otal ko babban kanti. Kowanne ka ɗauka, bar tazarar mita 5 zuwa 6, ka sa ido kan gara, kuma kada ruwa ya kwanta a jikin gindin, don daga nan ne ciwon da ke sa bishiya zubar da ƙaro yake kamawa.