Sikanar hannu ko ta Bluetooth don jan alwatikan tsohuwar haibirid

Malam, kan Prius ɗinka ta 2008 da ke kunna jan alwatika, fitilar gargaɗin dashbod, in tafiya ta yi nisa, da tambayarka ko ƙaramar sikanar hannu za ka saya ko ta Bluetooth mai aiki da waya don karanta laifin motar: sayi ta Bluetooth. Duka biyun sun ratsa hannuna.

Ta hannun na fara saya, kuma har yau ina jin ciwon kuɗin. In laifin na injin fetur ne, kamar filogi ya daina ba da wuta, za ta faɗa maka, kuma ba ta buƙatar waya. Iyakarta ke nan. Masu arhar cikinsu da kwamfutar inji kaɗai suke magana, alhali haibirid, motar da ke tafiya da fetur da batir, tana da ta inji, da ta tsarin lantarki, da ta batir, da ta birki. Na jona tawa alwatika na ci ja wur a gabana, ta ce min ba laifi.

Ta Bluetooth kuwa ita ta hana ni tafka asara. Tawa motar ma tsohuwar haibirid ce. A cikin gari lafiya lau take, amma da na hau babban titi na yi kamar minti 40 sai alwatika ya kunnu, AC ta daina sanyi, motar ta yi nauyi. In tsaya ta huce, sai ta ci gaba kamar ba ita ba. Wani bakanike ko bonet bai ɗaga ba ya yanke cewa babban batir ya mutu. Saura kaɗan in saya. Wani abokina ne ya ce in dakata, ya ara min 'yar na'urarsa, muka jona ta a ramin OBD mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari. Nan take wayar ta fito da P0A93, wato tsarin sanyaya inbata, na'urar da ke sarrafa wutar babban batir don tuƙa motar, ba ya aiki daidai. Muka hau titi yana riƙe da wayar: zafin inji na zaune wuri ɗaya, na inbata sai hawa yake. Famfon lantarkin da ke zagaya da ruwan sanyaya inbata ne ya tsufa ya tsaya. Aka canza shi aka fitar da iska, batirin da aka ce ya mutu kuwa shi ne a motar har yau. A makon na sayi tawa.

Abin da ke rikita mutane shi ne motar nan hanyar ruwa biyu gare ta, kuma ba sa haɗuwa. Ɗaya ta inji ce, ɗaya ta inbata, kowacce da tankinta da famfonta. Sai ka duba lagireto ka gan shi cike ka ce ba matsalar ruwa ba ce, alhali can gefen inbata ruwan a tsaye yake. Ga shi Prius ba ta da allurar zafi a dashbod, fitila ce kawai ke kunnuwa bayan abu ya riga ya yi nisa. Wayar ce za ta zama allurarka.

Tun kafin na'urar ta iso akwai gwajin da za ka yi da idonka. Da safe mota na sanyi, kunna ta har READY ya fito, ka buɗe murfin ƙaramin tankin da ke jikin inbata ka haska tocila. In famfo na aiki za ka ga ruwan na motsi. In ya kwanta lum kamar ruwa a kofi, ka samo ɓarawonka. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, kuma duk wayar lantarkin da ka gani mai ruwan lemo kada hannunka ya kai gare ta, batirin nan ya haura bolt 200. In za ka ƙara ruwa, mai ruwan hoda na Toyota za ka zuba, ban da gauraya.

Batirin kansa ba ruwa ke sanyaya shi ba, fanka ce, tana jan iska ta wata 'yar taga a gefen kujerar baya. Ƙura da gashi kan toshe ta, ko fasinja ya jingina jaka ya rufe tagar. A nan ma ta hannun ba ta da ta cewa. Manhaja irin Dr. Prius kuwa za ta nuna maka zafin batirin da bolt ɗin rukunai 14 ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko wani ya faɗi ƙasa da 'yan uwansa. In P0A80, lambar da ke cewa a canza babban batir, ya fito, a nan ne maganar batir ta taso da gaske.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da masu sayarwa, don jabu ya cika kasuwar na'urar nan. Da yawa an rubuta musu ELM327 v1.5, wato sunan guntun kwamfutar da ke cikinsu da lambar samfurinsa, alhali kamfanin da ya ƙirƙiri ELM327 bai taɓa fitar da v1.5 ba. Wasu kwafin suna aiki, wasu gudun inji kawai za su nuna su kasa shiga kwamfutar batir. Kada ka biya sai an jona a motarka ka ga rukunan batir sun fito a wayar. In ta intanet za ka saya, zaɓi daga jerin waɗanda masu manhajar suka ce suna aiki, kuma a wurin da ake karɓar kaya in sun ƙi. Haka ma mai gyaran da zai goge laifi fitila ta mutu ya ce ya gyara, bai gyara komai ba, shaida ya ɓatar. Famfo ma akwai na kwafi a kwali mai kama da na asali.

In na'urar ta iso, karanta duk laifin da ta nuna ka ɗau hoto kafin ka goge komai, ka turo mu duba tare. Kafin nan ka haƙura da doguwar tafiya, don inbata in ta ƙone gyaranta ya ninka na famfo sau da yawa.