Mun ɗauki koral ta ɗalibai don bikin raba kyaututtuka: abin da kunnena ya ji

A ƙarshen watan Yuni, da kwamitin iyayen yara na makarantarmu da ke Sabon Gari ya zauna shirya bikin raba kyaututtuka, wata malama ta kawo shawarar a ɗauko ƙungiyar mawaƙa ta ɗaliban manyan makarantu, irin wadda a nan Damagaram ake kira koral, a maimakon mai sono da ke cika mana kunne da kiɗan na'ura kowace shekara. Da yake ni ne ma'ajin kwamitin, ni aka ɗora wa ciniki, kuma ni iyaye za su tuhuma idan kuɗin ya tafi a banza.

Ba kowa ne ya yi na'am da shawarar ba, domin mafi yawanmu a bakin coci muka san koral. Da na je wurin da suke gwaji da yammacin wata Laraba, sai na tarar da matasa ashirin da huɗu, Musulmi da Kirista, maza a baya mata a gaba. Shugabansu, wani ɗalibi mai ladabi, ya miƙo mini jerin waƙoƙinsu ya ce, “Baba, ku duba da kanku, duk wadda ba ta kwanta muku ba sai a cire ta.” Babu abin cirewa, domin waƙoƙin a kan neman ilimi ne, da zaman lafiya, da girmama iyaye. Sun nemi jika tamanin, muka daidaita a kan jika sittin, tare da kuɗin kabu-kabu da ruwan sha.

Da na tambaye shi inda kuɗin ke tafiya, ya ce rabi na asusun ƙungiya ne don riguna da buga takardun waƙa, ragowar kuma ana taimaka wa waɗanda kuɗin rajista ya gagara. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin tun asali akwai ƙungiyoyin mawaƙan jami'a da talauci ya haifa. A 1871 ɗalibai tara na jami'ar Fisk da ke Nashbil a Amurka, mafi yawansu waɗanda aka haifa cikin bauta, suka fita yawon waƙa don ceto makarantarsu da ke gab da durƙushewa. A 1873 sun rera a gaban Sarauniya Biktoriya ta Ingila, kuma da abin da suka tara aka gina babban ginin da har yau yake tsaye a jami'ar. Wasu kuwa a gidan gata suka tashi, kamar mawaƙan kwalejin King's ta Kambirij, wadda Sarki Henri na shida ya kafa a 1441. A nahiyarmu, ta jami'ar Sitelenbosh da ke Afirka ta Kudu tana nan tun 1936. Yaranmu na Damagaram ba su da ginin da za su nuna, amma ta fuskar buƙata sun fi kusa da na Fisk.

Ranar biki sun ɓata mini rai tun kafin su buɗe baki. Mun yi da su ƙarfe tara, ba su cika ba sai goma da kwata, lokacin da rana ta fara cin waɗanda ke gefen rumfa, kuma babu wanda ya kira ya ba da uzuri. Wani ɓangare na laifin nawa ne, tunda da baki muka ƙulla magana, ban sa an rubuta komai ba.

Da suka jeru, shugaban ya taɓa wayarsa ta fitar da sauti guda, kowane rukuni ya ɗauki nasa a maƙogwaro, sannan ya ɗaga hannu suka fara da sabon taken ƙasa da aka amince da shi a 2023. A nan na fahimci abin da na biya. Mu mun saba da waƙar taro inda kowa ke bin murya ɗaya, kamar yadda masu Ishiriniya ke yi a daren Mauludi, amma su sun kasa kansu gida huɗu: mata masu siririyar murya suna riƙe da karin da kowa ya sani, wasu matan suna tafiya a ƙarƙashinsu, maza masu matsakaiciyar murya suna cike tsakani, masu kauri kuma suna ƙasa kamar tushen gini. Ana tsakiyar waƙa ta biyu kuran ya ɗauke, mikro ya mutu, amma ko gezau ba su yi ba, sai ma muryar ta fi fitowa tas, har wani tsoho da ke ta hira a bayana ya yi shiru ya gyara zaman hularsa.

Inda suka gaza shi ne waƙoƙin da aka ɗora kalmomin Hausa a kan karin Turawa. Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da hawa da saukar murya, kuma idan kari ya ja inda harshe bai ja ba, ma'ana takan sauya. A wata waƙa da suke yabon garinmu, karin ya tilasta musu jan gaɓar farko ta kalmar, sai abin ya koma garin tuwo. Yaran aji shida suka dinga ƙyalƙyala dariya, malamai suna harararsu. Haka kuma waƙoƙin Faransanci uku a jere sun yi yawa ga taron da rabinsa iyaye mata ne da ba su jin harshen.

Sai a ƙarshe suka fito da abin da ya kamata su fara da shi, wato waƙar da su da kansu suka tsara bisa salon jagora da 'yan amshi, irin wanda duk wanda ya taɓa sauraron marigayi Ma'azu Ɗan Alalo ya sani. Wata yarinya ce ta ja baiti, sauran suka karɓa da muryoyi huɗu, da kalangu ɗaya da tafi, kalmomin suka zauna daram a kan karinsu. Iyaye mata suka yi guɗa, wasu suka tashi suna liƙa musu dala ashirin-ashirin a goshi, aka sa su maimaita har sau biyu.

Kwamiti ya amince a sake kiransu baɗi. Na riga na shaida wa shugabansu cewa wannan karon za a rubuta takarda, rabin kuɗi kafin biki rabi bayansa, Faransanci ɗaya kawai ban da taken ƙasa, kuma waƙar garin tuwo sai an gyara ta na saurara kafin ranar.