Tuwon bakin tsohon siton gyada a Malam Madori

Jama'a duk wanda hanya ta biyo dashi ta Malam Madori yana jin yunwa ga inda zai tsaya. Ni dai kaddara ce ta kaini, motarmu ta yi faci muna hanyar Hadeja, direba yace a sauka a sha iska, sai naga hayaki na tashi a barandar wani tsohon gini a gefen titi, irin dogon ginin nan mai kaurin bango da rufin kwano duk ya yi tsatsa, rabin kwanon ma iska ta dage shi. A nan wata baiwar Allah ta kafa tukwanenta, ba allo ba suna, benci uku ne da tabarma.

Na ce Hajiya me ake dashi, tace tuwon shinkafa da miyar kuka, akwai taushe, akwai kifi. Na zabi kuka da kifi. Wallahi miyar nan ta ji daddawa, ba irin wadda ake cika wa magi a rufe rashin iya girki ba, ga man shanu na gaske wanda kamshinsa ke riga cokali isowa, tuwon kuma malmala biyu sun isheka sai dai in kai acici ne. Kudin ko rabin na gidajen abincin Kano bai kai ba. Inda ta gaza: ruwan wanke hannu roba daya ce kowa na tsomawa, kudaje kuwa ba'a magana, sannan bata karbar taransifa sai da na ranci kudi gun direba.

Amma abin da ya zaunar dani har aka gama facin ban sani ba shine ginin. Wani dattijo dake cin abinci kusa dani yaga ina leka kofar karfen, yace yaro sito ne wannan, na gyada, tun zamanin Turawa. Yace yana yaro nan ake jibge buhuna in kaka ta yi, jakai da rakuma su yi layi tun asuba, akawu na zaune gaban sikeli yana rubutu, 'yan dako na dauka a ka suna kaiwa tasha. Ya nuna min wajen da sikelin yake, har yanzu akwai ramin siminti da guntayen karafa a kasa, yanzu awaki ke kwana a ciki.

Kuma maganarsa ta hau, don layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru an gama shi a 1930, ya bi ta Ringim da Gagarawa da nan Malam Madori, jirgin ne ma ya raya garin tunda bai shiga Hadeja ba, kayan kasar Hadeja nan ake kawowa a loda a taragu. Kamfanonin Turawa irinsu UAC da Janhol (John Holt) su ke saye ta hannun dillalai, manyan cikinsu irin Alhassan Dantata da ya rasu 1955, daga nan gyada ta wuce Kano inda ake dala da buhuna, sai Legas sai jirgin ruwa. To fari ya zo a 1973, cutar gyada ta biyo baya a 1975 ta cinye gonaki, ga kudin fetur ya shigo gwamnati ta juya baya, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba daya. Yanzu ridi da zobo ake yayi a yankin, su kuma tirela ke kwasarsu ba jirgi ba, shi yasa ba mai waiwayar siton.

Na leka ciki ta tagar da ta balle, duhu, warin kashin jemage kamar ya kada ni, bango ya tsage daga sama har kasa ta bangaren gabas, daidai inda Hajiya ke jingina itacenta. Na ce mata bakya tsoron damina? Dariya tayi tace shekarunta nawa a nan bai fado ba.

Abinci na bashi hudu cikin biyar, daya na cire saboda robar wanke hannun nan. In zaku je ku je kafin la'asar don kifin baya kaiwa yamma, ku rike tsabar kudi, kuma ku zauna a bencin da ke nesa da bangon gabas.