Bindiga mai baki biyu: ta Landan ko ta Birmingham?

Ɗan'uwa, tsakanin tsohuwar mai adireshin Landan ɗin nan da Webley & Scott ta Birmingham da aka yi maka tayi, ɗauki ta Birmingham.

Irinta ce a hannuna, samfurin 700, kawuna ya bar mini. Ta sha ƙurar hunturu da raɓar asuba wajen bin zabbin daji, amma har yau in na rufe ta ƙam take kamawa, ko motsi babu. Kayan cikinta tsarin nan ne da Anson da Deeley na kamfanin Westley Richards suka fito da shi a 1875: ƙarafa kaɗan, duk a ɓoye cikin jikin bindigar, abin lalacewa bai da yawa.

Sunan da ke kan bindigar Ingila ba kullum shi ne na maƙerinta ba. A unguwar maƙeran bindiga ta Birmingham, wajen tsohon cocin St Mary, a da aiki a rabe yake: wannan bututu ne sana'arsa, wancan ƙota, wani zane. Manyan gidajen Landan ma a lokacin daga garin Wolverhampton, wurin maƙera irin su Brazier da Stanton, suke sayen kayan kunama. Kantin Army & Navy na Landan kuwa bai ƙera nasa ba, su Webley ne suka riƙa yi masa yana ɗora suna.

Cikin manyan gidajen Landan, Purdey tun 1814 take, Holland & Holland tun 1835, gwanintarsu ba musu, sai dai ba a samunsu a kuɗin da aka faɗa maka. Wata mai tambarin Landan da na taɓa saya, kyau kawai gare ta. Ƙarfe ɗaya ya karye ciki, na rasa mai gyara.

Ka kula da dillalai marasa tsoron Allah. Akwai tsofaffin bindigogin Beljiyam masu arha da aka rubuta wa "W. Richards" don a ruɗi mai saye ya zaci ta Westley Richards ce. Cire bututun ka duba ƙarƙashinsa. Haruffan ELG hatimin gidan gwajin bindiga na Liège ne, a Beljiyam. Gidan gwajin bindiga na Birmingham, da aka kafa a 1813, yana buga BNP ƙarƙashin kambi tun 1954.

Ka sa a auna mazaunin harsashi ma. Tsofaffi da yawa milimita 65 ne, harsashin kasuwa kuwa galibi 70, kuma haɗa su ganganci ne. In mai sayarwa ya hana ka cire bututu, ko ya kasa nuna lasisinsa, riƙe kuɗinka ka yi gaba.