Lexus mai barkono: aikin ya yi kyau, amma bai faɗi komai game da motar ba

A watan Nuwamban 2016, a bikin baje kolin motoci na birnin Los Angeles, kamfanin Lexus, reshen motocin alfarma na Toyota, ya fito da wata mota ƙirar IS da ya raɗa wa suna Sriracha IS. Sriracha wani jan yaji ne na ruwa, haɗin barkono da tafarnuwa, wanda kamfanin Huy Fong Foods ke yi a jihar Kalifoniya ta Amurka, a cikin kwalba mai koren murfi da hoton zakara a jiki. Motar guda ɗaya tak aka yi, kuma ba ta sayarwa ba ce. Ni IS nake tuƙawa, ina kuma son ta ƙwarai, shi ya sa wannan mota take faɗo mini a rai duk lokacin da wani kamfanin motocin alfarma ya sake fito da irin wannan abin wasa. Zan duba ta ne kamar kowane kaya: me aka yi, yaya hannun aikin yake, kuma ta biya buƙatar da aka yi ta dominta?

Ta fuskar aiki babu abin kushewa. Garejin West Coast Customs ne ya yi mata kwalliyar, kuma an ga ƙwarewa. Fentin ja ne mai zurfi da ɗigo-ɗigo a ciki, ya yi kama da yajin kamar yadda yake a kwalba. An sa kore a wasu wurare kaɗan, irin su madubin gefe da maƙallan burki, domin a tuna da murfin kwalbar, kuma ba a cika shi ba, wanda shi ne abin da ya hana motar zama abin dariya daga nesa. A ciki an ɗinka zakaran a jikin kujeru. Sitiyarin an zuba masa wani jan ruwa mai kama da yajin, ana hango shi. Maɓallin da ake murɗawa idan ana son mota ta ƙara zafin gudu an sauya masa suna zuwa Sriracha. Makullin ma yana ɗauke da ɗan yaji da za a iya matsowa, sannan but ɗin an jera masa kwalabe 43. Wanda ya zauna ya tsara wannan bai yi ha'inci ba, ya bi abin har ƙarshensa. Fentin kaɗai, da za a cire zancen barkono a sa shi cikin launukan da ake sayarwa, da ni ma na so shi.

Dalilin yin ta ma a fili yake. Lexus ta daɗe tana fama da suna guda: mota mai kyau, mai shiru, ba ta lalacewa, amma ta dattawa, babu armashi. An sha ba da labarin yadda aka faɗa wa Akio Toyoda, shugaban Toyota na lokacin, wannan magana a bikin motoci na Pebble Beach da ke Kalifoniya a 2011, kuma ta yi masa zafi. A wannan tsakanin ne aka shiga sauya fuskar motocin, aka kawo wannan babban bakin gaba mai tsukakken ƙugu, aka fara neman matasa da gaske. IS ita ce ƙaramar salun ɗin kamfanin, wadda ke gogayya da BMW 3 Series da Mercedes C-Class, kuma ita ce ƙofar da matashi ke shigowa ta ciki. A shekarun nan kuwa Sriracha ta zama abin yayi a wajen matasan Amurka, har riguna ake bugawa da hoton zakaran. Sai aka haɗa biyun. Kuma an samu abin da ake nema na ɗan lokaci, domin shafukan da ba ruwansu da mota, na abinci da na nishaɗi, duk sun ɗauki labarin.

Inda na rabu da ita shi ne a nan. Mutum ya kalli motar nan daga gaba har baya, ya yi murmushi, ya tura wa abokinsa hoton, to me ya ƙaru da shi game da IS? Babu. A shekarar ce aka yi wa IS gyaran fuska, aka kuma ƙara mata na'urorin kariya irin wadda ke taka burki da kanta idan ta hango karo. Zancen kwalabe 43 ya danne wannan duka. Abin da nake so a tawa motar, wato yadda ƙofa ke rufuwa da nauyi, yadda kujerar ke riƙe mutum a kwana, yadda za ka yi doguwar tafiya ka sauka kunnenka bai gaji ba, ko ɗaya barkono bai nuna shi ba. Farin jinin da motar ta samu na Huy Fong ne, aro Lexus ta yi, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai ma abin da ya fi wannan damuna. Duk wasan an gina shi ne a kan kalma ɗaya, zafi, ana nufin IS mota ce mai zafin gudu. Amma abin da aka tallata ado ne zalla, fenti da ɗinki da kwalabe. A daidai wannan lokaci kuma babu IS mai babban inji a kasuwa, domin IS F mai silinda takwas an daina ƙera ta tun 2014, alhali BMW na sayar da M3, Mercedes na sayar da C63, duka masu zafin gudu. Mai sha'awar mota ya san wannan sarai. Idan ka nuna masa maɓalli da aka rubuta wa sunan yaji, abin da zai tuna shi ne motar da ka daina yi masa.

Ba wai ina ƙin wasa ba ne a harkar motocin alfarma. Lexus ɗin ma da wasa ta shigo duniya. A tallar 1989 ta LS 400, babbar motar da kamfanin ya fara da ita, an jera kofunan gilashi hawa-hawa a kan bonet, aka ɗora motar a kan na'ura, tayoyi na juyawa da gudu mai tsanani, kofunan ba su zube ba. Wannan ma ai nishaɗi ne, amma yaro ma ya gane saƙon: injin nan ba ya jijjiga. Haka motar kwalin da aka nuna a Ingila a 2015, IS cikakkiya da aka harhaɗa da fallayen kwali 1,700 da aka yanka da na'urar leza, aka manna su ɗaya bayan ɗaya da hannu a kan firam na ƙarfe, har tana motsawa da ƙaramin injin lantarki. An ɗauko tunanin ne daga gwajin da ake yi wa ƙwararrun masu ɗinkin kujerun kamfanin, waɗanda ake kira takumi: su naɗe takarda ta zama kyanwa, da hannun da ba su saba aiki da shi ba, cikin daƙiƙa 90. Wannan motar na fi so nesa ba kusa ba. Kwali ya fi barkono arha ma, don haka matsalar ba ta arhar kayan ba ce. Bambancin shi ne labarin kwalin daga cikin masana'antar Lexus ya fito, kuma bayan ka gama kallo sai ka koma ka duba ɗinkin kujerarka da sabon ido.

BMW ta fi kowa iya wannan. Tun 1975, lokacin da Alexander Calder ya zane 3.0 CSL, kamfanin ke ba manyan masu zane mota su yi mata fenti. Ta Calder ta shiga tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. M1 ɗin da Andy Warhol ya shafa wa fenti da hannunsa ta zo ta shida a tseren a 1979. A 1991 Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu ta zane 525i da zanen Ndebele, ita ce mace ta farko da ta yi hakan. A 2024 aka kai mota ta 20, wadda Julie Mehretu ta zane, ita ma ta je Le Mans. Kusan shekara hamsin ana abu ɗaya, har ya zama wani ɓangare na sunan kamfanin, gidajen tarihi na karɓar motocin. Sriracha IS kuwa abin mako guda ce.

Mercedes ma ta gwada nata. A 2023 a Landan ta nuna G-Class da aka lulluɓe da kumburarriyar rigar sanyi mai sheƙi, haɗin gwiwa da kamfanin tufafi na Moncler. Ba ta burge ni ba, amma na gane lissafin, domin mai sayen rigar Moncler shi ne dai mai sayen G-Class.

To, irin wannan mota tana zubar da mutuncin kamfani? A ganina guda ɗaya ba ta isa ba, kuma masu cewa Lexus ta kunyata kanta sun zuzuta abin. Abin da ke kayar da sunan kamfanin alfarma shi ne motar da ya karɓi kuɗin mutane a kanta. Cadillac ta ɗauki Chevrolet Cavalier a farkon shekarun 1980, ta ɗan yi mata kwalliya, ta kira ta Cimarron, ta ɗora mata farashi mai tsada, kuma har yau ana kawo ta a matsayin misalin yadda ake ɓata suna. Aston Martin ta yi makamancin haka da Cygnet a 2011, wadda asalinta ƙaramar Toyota iQ ce, aka daina ta a 2013. Ta ɗaya ɓangaren, abin da ya kafa sunan Lexus ya faru ne a ƙarshen 1989, watanni kaɗan bayan fara sayar da LS 400, lokacin da aka gano 'yan matsaloli aka nemi a dawo da motoci kusan 8,000 domin gyara. Dillalai suka riƙa zuwa gidajen mutane suna ɗaukar motar, su gyara, su wanke, su cika tanki, su mayar. Wanda aka yi wa haka ba kwalbar yaji ce za ta sauya masa ra'ayi ba.

Haɗarin yana cikin yawaitawa. A 2015 kaɗai Lexus ta nuna allon tsere mai shawagi a iska, da motar kwali, da NX mai tayoyin ƙanƙara. A 2016 ga ta barkono, ga kuma wata IS da aka rufe jikinta da ƙananan fitilu 41,999. A 2020 aka yi wa UX zane irin na jarfa, a 2021 aka yi IS ta masu wasan kwamfuta. Duk tsawon wannan lokaci IS ɗin da ke ƙarƙashin kwalliyar ita ce dai ta 2013, sai gyaran fuska da aka yi mata a 2016 da 2020. Mai lura zai fara jin cewa sashen talla ya fi sashen injiniyoyi motsi, kuma wannan ba jin da ya kamata kamfani irin Lexus ya bari ya zauna a zuciyar kwastomansa ba ne. Mai sayen motar alfarma yana biyan kuɗin natsuwa ne da tabbacin cewa masu ƙera ta sun ɗauki aikinsu da muhimmanci. Yana iya yin dariya tare da su sau ɗaya ko biyu, amma ba ya son ya riƙa jiran abin dariya na gaba.

Motar nunin da ta yi wa Lexus aikin da ake so Sriracha IS ta yi, ai tana nan, kuma ta riga ta fitowa. LF-LC ce, wadda aka nuna a Detroit a 2012. Ba ta jingina da sunan kowa ba, kyanta kawai ta nuna, mutane suka yi ta neman a ƙera ta, kuma a 2016 aka fito da LC 500 kusan kamar yadda aka gan ta a dandamali. Ita da LFA, mai silinda goma da aka ƙera guda 500 kacal daga 2010 zuwa 2012, su ne suka sa masu cewa Lexus ba ta da armashi suka sassauta murya.

Hukuncina a kan Sriracha IS shi ne: aikin hannu mai kyau, talla mai arha da ta ja ido, ba ta yi ɓarna ba, ba ta kuma ƙara wa kamfanin komai mai ɗorewa ba. Da ni ake tambaya, da na ce a riƙe fentin a sayar, a ajiye sauran. Masu son IS sai da suka jira har 2021 kafin aka ba su IS 500, mai inji lita 5 da silinda takwas da ƙarfin doki 472, kuma an sayar da ita ba tare da an jingina ta da sunan wani kamfani ba.