Photo Mechanic ko Lightroom Classic: Wanne Ya Dace da Mai Tura Hoto ga Kamfanin Dillancin Labarai?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin manhajojin kwamfuta biyu na aikin hoto, Photo Mechanic da Lightroom Classic, da ka tambaya wadda ta fi dacewa, indai aikin shi ne rubuta bayanin hoto da tura shi ga kamfanin dillancin labarai, to ka ɗauki Photo Mechanic, kada ka ɓata lokaci wajen dogon nazari. Dukansu biyu suna kan kwamfutata, amma duk ranar da na fita ɗaukar labari guda ɗaya kawai nake buɗewa.

Editan da ke zaune a teburin hotuna na manyan kamfanonin dillancin labarai irin su AP ko Reuters ko AFP ba ya jiran ka aiko masa da hoto daban, bayani kuma daban a cikin imel. Bayanin yana tafiya ne a cikin fayil ɗin hoton kansa, a wasu gurabe da aka tanada: kanun labari, cikakken bayani, sunan mai ɗaukar hoto, sunan kamfanin da za a jingina wa hoton, gari, jiha, ƙasa, ranar ɗauka, da gurbin umarni na musamman. Wannan tsari shi ake kira IPTC, da sunan majalisar da kafofin labarai suka kafa a 1965 domin kare muradunsu a harkar sadarwa. Ta fitar da tsarin guraben a farkon shekarun 1990, daga baya aka ɗora shi a kan XMP, wata hanyar cusa bayani a cikin fayil wadda Adobe, kamfanin da ya yi Lightroom, ta ɓullo da ita a 2001. Saboda haka manhajojin biyu gurabe iri ɗaya suke cikewa, kuma editan ba ruwansa da wadda ka yi aiki da ita. Inda suka rabu shi ne mintocin da za ka kwashe daga zare kati a kyamara zuwa saukar hoton a gabansa, da kuma yawan kurakuran da hannunka zai tafka a cikin gaggawa.

Kamfanin Camera Bits da ke Portland, a jihar Oregon ta Amurka, shi ya yi Photo Mechanic, kuma tun asali masu ɗaukar hoton jarida da na wasanni aka nufa da ita. Sirrin saurinta shi ne ba ta tsayawa sarrafa ɗanyen fayil na RAW kafin ta nuna maka shi. Hoton JPEG da kyamara ta riga ta cusa a cikin fayil ɗin take ɗaukowa, don haka ko a tsohuwar kwamfuta kana danna maɓalli hoto na gaba ya bayyana. Tun tana kwafe katin za ka iya fara zaɓe, kuma a daidai lokacin kwafewar tana sauya wa hotunan suna, tana liƙa musu bayanin da ka riga ka shirya, tana kuma ajiye kwafi na biyu a wani faifan dabam idan ka umarce ta.

Abin da ya sa na riƙe ta hannu bibbiyu shi ne wani Hawan Daushe a Kano. Duk wanda ya taɓa ɗaukar wannan hawan ya san wahalarsa: da la'asar ake yi, hakimai suna wucewa tawaga bayan tawaga, ƙura ta turnuƙe, kafin Sarki ya iso Ƙofar Kudu haske ya fara gudu, ga sabis ɗin waya ya cushe saboda cinkoson jama'a. Tun daren Sallah na zauna na buɗe fayil ɗin rubutu, a kowane layi na sa gajeriyar alama, sannan cikakkiyar sarauta da ɗan bayanin da editan waje zai fahimta. Haruffa biyu na Madaki, biyu na Makama, biyu na Sarkin Bai, biyu na Sarkin Dawaki Mai Tuta, kowannensu da ƙarin cewa yana cikin masu zaɓen sarki huɗu na Kano. Haka na bi Galadima da Waziri da Ciroma da sauransu. Wannan dabara ita manhajar ke kira Code Replacements, ka nemi sunan a jerin umarninta. A filin kuwa, kirarin maroƙa yana nuna mini tawagar da ke tafe, amma ban dogara da shi kaɗai ba, sai na tambayi ɗaya daga cikin masu rakiya, na rubuta a takarda tare da lokacin. Da na samu gindin katanga na zauna, kwamfuta a cinya, wayata tana ba ta intanet, aikin da ya rage shi ne in buga haruffa biyu tsakanin alamomi, sarautar ta fito cikakkiya da rubutu iri ɗaya a kowane hoto. Gari da ƙasa da kwanan wata da sunana sun riga sun shiga tun wajen kwafe kati. Daga cikin manhajar na tura ta FTP, wato hanyar aika fayil kai tsaye zuwa kwamfutar kamfanin, kuma kafin a kira magariba kashin farko ya isa. Masu ɗaukar ƙwallo haka suke yi da lambar rigar ɗan wasa, masu ɗaukar majalisa kuma da sunayen 'yan majalisa da mazaɓunsu.

Sai dai manhaja ba ta rubuta maka gaskiya, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi zubar da mutuncinsu. Jimlar farko ta bayanin hoto tana faɗin abin da ido ke gani ne, kamar yanzu yake faruwa: wane ne, me yake yi, a ina, yaushe. Idan mutane sun fi ɗaya, ka jero su daga hagu zuwa dama, ko ka nuna wanda ke tsakiya. Ka sa gari da ƙasa ko da kana ganin kowa ya san Kano ko Maraɗi, domin mai karatu a Jakarta bai sani ba. Jimla ta biyu ita ke ɗauke da dalilin da ya sa hoton ya zama labari, kuma duk wani adadi da ke cikinta, na mamata ne ko na mahalarta, sai ka faɗi wanda ya bayar da shi. Kada ka rubuta cewa mutum yana cikin baƙin ciki ko fushi, ka rubuta cewa yana kuka ko yana ɗaga hannu. Sunaye kuma ka sa mai suna ya rubuta maka da hannunsa, domin Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mahamadou duk suna nan, kuma ɗan Damagaram ba lallai ya rubuta sunansa yadda ɗan Katsina zai rubuta ba. Tsohon hoto a bayyana cewa na ajiya ne, da ainihin ranar da aka ɗauke shi. Hoton da wata hukuma ko iyalai suka ba ka kuwa, ka faɗi haka a bayanin da kuma gurbin umarni na musamman, kada ka ɗora sunanka a kai.

Lightroom Classic tana da kyau a aikin da aka yi ta dominsa, wato gyaran launi da haske da adana dubban hotuna cikin kundi, kuma nan nake kai hotunan biki. Amma sai ta shigar da hotuna cikin kundinta kafin ka taɓa su, ba ta zuwa da musayar gajerun alamomi, tura hoto ta FTP sai ka haɗa ta da wata manhajar, sannan biyan kuɗinta na wata-wata ne ko shekara-shekara, tunda Lightroom 6 ta 2015 ce ta ƙarshe da aka sayar sayen dindindin. Idan da ita za ka yi aiki, ka lura da akwatin fitar da hoto, akwai zaɓin da ke barin bayanin haƙƙin mallaka kaɗai ya zubar da sauran.

Ƙarfin Lightroom na gyaran hoto ma bai da wurin zama sosai a wannan sana'a. A watan Nuwamban 2015 Reuters ta sanar da masu ɗaukar mata hoto na wucin gadi cewa su daina aiko da hotunan da aka sarrafa daga RAW, su aiko da JPEG ɗin da kyamara ta fitar, da ɗan gyara kaɗan kamar datsa gefe da daidaita haske. A Janairun 2014 AP ta raba gari da Narciso Contreras, ɗan ƙasar Mexico da ke cikin ayarin da ya ci kyautar Pulitzer a 2013, saboda ya goge kyamarar bidiyon abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. Ko fadar masarautar Birtaniya ba ta tsira ba, domin a Maris na 2024 manyan kamfanonin sun janye hoton Gimbiyar Wales da 'ya'yanta bayan sun ga alamun an taɓa shi. A ganina, rashin kayan gyaran launi a Photo Mechanic alheri ne ga mai koyo, domin hannun da bai samu abin gogewa ba ba zai goge ba.

Akwai ƙananan abubuwa da babu manhajar da za ta tuna maka. Ka daidaita agogon kyamara kafin ka fita, ka tuna Najeriya da Nijar suna gaban agogon GMT da awa ɗaya, Gana kuwa tana kansa daidai. Sunan fayil kada ya ɗauki sarari ko haruffanmu masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ, domin tsofaffin na'urori suna mayar da su shirme. Kowane kamfani yana da nasa tsarin suna da girman hoto, ka roƙi teburin su ba ka shi a rubuce tun ranar farko. Idan larura ta sa ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin takarda, wato ta zaɓin Document, in ba haka ba za ta matse hoton ta kuma share duk bayanin da ka sha wahalar rubutawa. Gara ka aika hotuna biyar zaɓaɓɓu da wuri, sauran su biyo baya, da ka cika wa edita tebur da hamsin masu kama da juna.

Aibin Photo Mechanic shi ne fuskarta ba ta da ƙayatarwa, saitinta yana da yawa, kuɗinta kuma da dala ne, wanda a halin da naira ke ciki ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin yana ba da gwaji kyauta na ɗan lokaci, ka jinkirta saukewa sai makon da kake da aiki a hannu, domin ka gwada ta a kan aikin gaske. Idan aljihu bai kai ba tukuna, Adobe Bridge kyauta ce kuma tana cike guraben IPTC, sai ka haɗa ta da FileZilla, manhajar aika fayil ta FTP, wajen turawa. Za ka yi tafiyar hawainiya amma za ka isa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu shagunan da za su ce za su ɗora maka kowace daga cikin biyun a kan kuɗin katin waya, wai da lasisi na har abada. Fasasshiyar manhaja ce, wasu suna zuwa da ƙwayar cuta mai satar kalmomin sirri, kuma a cikin wannan kwamfutar ce za ka ajiye mabuɗin shiga sabar kamfanin da ya amince da kai. Daga shafin kamfanin da ya yi manhajar kaɗai za ka saya. Haka katin memori: jabu sun cika kasuwa, kwalinsu da tambarinsu kamar na gaske, za a rubuta gigabait 128 alhali abin da ke ciki bai kai rabi ba, sai katin ya cika ya fara cinye hotunan farko. Kafin ka fita aiki da sabon kati, ka gwada shi da H2testw, manhajar da ke tantance ainihin girman kati, ko ka cika shi maƙil da fayiloli ka sake buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka karɓi rasit. Sannan duk wanda ya ce shi wakili ne, ka biya kuɗin rajista ya haɗa ka da wani kamfanin dillancin labarai, ka rabu da shi. Ka nemi ofishin kamfanin da kanka, ka aika wa editan hotuna samfurin aikinka, kowane hoto da cikakken bayaninsa a ciki.