Daga Jamus: na iska ko na ruwa?

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, Hajiya da jiki da sauƙi. Na ga saƙonka kan kwamfutar da kake tace finafinai da ita, wadda ka ce tana kashe kanta da rana tsaka, da roƙon da ka yi in aiko maka na'urar sanyaya furosesa mai ruwa irin ta masu fitilu kala-kala da kake gani a YouTube. Ka saurari yadda abin yake a nan tukuna, sannan mu yanke shawara.

Duka biyun iska da ruwa suke haɗawa, masu talla ne kawai suka raba su gida biyu. Ɗauki wadda ake ce wa ta iska, misali Noctua NH-D15 ta kamfanin Ostiriya da ta fito a 2014. Bututun jan ƙarfe shida ne suka taso daga kan furosesa suka ratsa faifan alminiyam, kuma a cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa da aka rufe bayan an zuƙe iskar ciki. Da zafi ya taɓa shi sai ya zama tururi ya haura sama, ya huce, ya gangaro ya sake. Babu famfo, babu abin da ke juyawa in ban da fanka. Ita kuma ta ruwan, famfo ne ke tura ruwa daga kan furosesa ta cikin tiyo biyu zuwa lagireto, daidai yadda injin mota yake, kuma a can ma fanka ce ke hura zafin waje. Ko ta ina ka bi, iskar ɗakinka ce za ta karɓi zafin a ƙarshe.

A nan ne muka sha bamban da mutanen nan. Gwaje-gwajen da kake kallo, a ɗaki mai digiri 21 ko 22 ake yin su. Yawancin gidajen Jamus ko na'urar sanyaya ɗaki ba su da ita, don zafin bazararsu 'yan makonni ne. Shagonka kuwa a watan Afrilu, in an ɗauke wuta, ya tasar wa 40. Lagireto komai girmansa ba zai sauke ruwa ƙasa da zafin iskar da ke shigarsa ba. Furosesar da ta tsaya a 80 a Balin, a Kano za ta doshi 100, kuma a nan ne su Intel Core i9 ke rage wa kansu gudu don kada su ƙone. Ryzen 7000 na AMD su a 95 suke ja da baya. Amfanin ruwa na gaskiya shi ne yana haɗiye zafi da yawa kafin shi kansa ya ɗume, kuma yana kai shi bakin akwatin inda wuri ke da faɗi. Ga furosesa irin Core i9-13900K da ke iya shan wat 253, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga matsakaiciya irin taka, ratar ba ta taka kara ta karya ba.

Haɗin da na fi ganin hikimarsa shi ne na Liquid Freezer, ta ruwa ta kamfanin Arctic. Sun lura cewa in ka cire babbar fanka daga kan furosesa ka sa ruwa, ƙananan kayan wutar da ke kewaye da ita a kan bod, wato babban allon da ake dasa kayan kwamfuta a kai, sun rasa mai yi musu fifita. Sai suka dasa wata 'yar fanka a kan famfon kanta. Ruwa na ɗauke zafin furosesa, 'yar fankar na kula da maƙwabta, fankokin akwati na ciyar da katin hoto. Masu haɗa kwamfuta a nan haka suke yi: ruwa a wuri ɗaya, iska a sauran. Akwai kuma masu son abin har zuci, da ke sayen tiyo da tanki da famfo daban-daban daga kamfanonin Alphacool ko Aqua Computer suna haɗawa da hannu, suna zuba kuɗin da ya isa sayen wata kwamfutar sukutum. Wannan sha'awa ce ta masu hali, mu bar musu.

Kuɗin kayan bai kai yadda kake zato ba. Akwai shafin Geizhals da ke jera maka farashin shaguna, ka ga mai araha. Thermalright Peerless Assassin, ta iska mai hawa biyu, wajen yuro 40 ce, kuma aikinta ya kusa na Noctua mai yuro 100 da ɗoriya. Ta ruwa mai lagireto milimita 360 ana samu ƙasa da yuro 100.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ke biyo bayan ciniki. Duk abin da ka saya ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar ko da ba ka faɗi dalili ba, sannan mai shago na ɗauke da alhakin kayan har shekara 2. Noctua da Arctic garantin shekara 6 suke bayarwa. In Intel ko AMD suka canza mazaunin furosesa, kamar yadda aka yi a 2021 da 2022, Noctua na aiko wa tsofaffin masu sayenta sabbin ƙarafan ɗauri kyauta in sun nuna rasit. A 2022 Arctic da bakinsu suka sanar cewa wata roba a cikin wani rukunin Liquid Freezer II na lalacewa, suka raba kayan canji ba ko sisi. Wannan duka yana cikin farashin, kuma ba ya shiga jirgi. Ranar da famfon ya tsaya a Kano, wa za ka kai wa? Kuɗin aiko shi nan ya fi kuɗinsa, aikin mutane kuma yana jiranka. Famfo in ya mutu, cikin ɗan lokaci kaɗan kwamfutar za ta ɗauke. Ruwan ma yana raguwa a hankali ta jikin tiyo cikin shekaru, zafi na ƙara masa sauri, sai ka fara jin ƙulu-ƙulu a ciki. Ta iska kuwa in fankarta ta lalace, ka leƙa Beirut Road ka sayi wata ka maƙala, kafin la'asar ka koma aiki.

Ta wannan fannin kun fi mu, gaskiya. A nan kuɗin aikin mai gyara ya fi fankar tsada, don haka zubarwa ake yi. Yaran kasuwarmu kuwa su buɗe ta, su ɗiga mata mai, ta ƙara shekara.

Sai ƙura. Haƙoran lagireto a matse suke ƙwarai, kuma hunturu ɗaya ya isa ya shimfiɗa musu wani kauri mai toka-toka da za ka iya ɓarewa da yatsa. Ina zargin ma ita ce ciwon kwamfutarka yanzu, ita da man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda ya bushe tun tuni. Ka buɗe ta, ka hure da buluwa kana riƙe da fankar kada ta yi ta juyawa, ka goge tsohon man ka sa ɗigo ɗaya na sabo a tsakiya. Fankokin da ke shigo da iska ta gaba su fi masu fitarwa yawa, kuma su zama da raga, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. Ka ɗauke kwamfutar daga ƙasa ka ɗora a tebur.

Don haka ta iska mai hawa biyu zan saya maka, da fankoki uku na akwati da man shafawa mai kyau. In Allah ya hore ka sayi babbar furosesa ka kuma sa AC a shagon, sai mu yi zancen ruwa. Masu iskar nan na da tsayi, Noctua ɗin ta kai milimita 165, nauyinta ya haura kilo ɗaya, saboda haka duk ranar da za ka ɗauki kwamfutar a mota zuwa wurin ɗaukar fim, ka kwantar da ita ko ka kwance na'urar. Ka auna min faɗin akwatinka da tef, ka ɗauko hoton sunan da ke jikin bod ɗin ka turo ta WhatsApp kafin ƙarshen wata, akwai mai zuwa gida da zan ba shi.

Ka gaida Hajiya da su Inna, da duk mutanen shago.

Naka, Yayanka.